Tambayoyinku: Bindigar iska mai tanki, wacce za a fara da ita kuma da me za a cika ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sito na hatsi a Dawanau, ɓeraye da gafiyoyi sun addabe ni. Wani ya ce in bar bindigar iska mai karyawa in sayi irin wadda ake kira PCP. Mene ne bambancinsu, kuma wacce ta dace da ɗan koyo? Daga mai karatu a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a zo ga bindiga sai an bi ta kan takarda. A dokar makamai ta Najeriya, bindigar iska tana cikin jerin makaman da ba a riƙe su sai da lasisi, layi ɗaya da bindigar farauta, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke da ikon bayarwa. Wanda bai kai shekara 17 ba ma ba a ba shi. An sha dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ka ji halin da ake ciki kafin ka fitar da ko sisi. Cewa "ai ta iska ce" ba ta fitar da mutum a shingen bincike.

Mai karyawa sifirin ne a cikinta, kai kake ɗana shi da ƙarfin hannu kowane harbi, kuma idan ta tashi takan yi tsalle gaba da baya, abin da ke sa ɗan koyo ya yi ta kuskure. Ita PCP tana da silinda a ƙarƙashin bututu da ake ɗura wa iska har bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsin iska ne). Ka ja kunama, guduma ta doki bawul, iska kaɗan ta fita ta tura harsashin dalma, bawul ya rufe. Ba tsalle, kuma yawancinsu suna da magazin mai ɗaukar harsashi bakwai zuwa goma sha huɗu. Matsalarta ɗaya ce: idan iska ta ƙare, sanda ce kawai a hannunka. Shi ya sa shawararmu ga duk mai saye a Kano ita ce ya fara yanke yadda zai riƙa cikawa, sannan ya zaɓi bindigar da ta dace da hanyar. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su sayi mai ƙaton tanki da ke son bar 300, su zo su rasa mai cika musu.

Don aikinka, nemi mai cika a bar 200, silinda tsakanin cc 100 zuwa 220 (cc ma'aunin girman cikinta ne), baki .22 wato milimita 5.5. Diana Stormrider da 'yar uwarta Artemis PR900W, waɗanda ake ƙerawa a China, silindarsu cc 100 ce, suna da sauƙin cikawa, sai dai bayan harbi ashirin da wani abu sai ka koma famfo. Hatsan AT44 ta Turkiyya cc 180 ce, magazinta goma, ana iya kwance silindar a sa wata, amma tana da nauyi. Benjamin Marauder ta Amurka cc 215 ce, ba ta da ƙara sosai. Na Ingila da Jamus irin su Air Arms da Weihrauch sun fi kyawun aiki, kuɗinsu ne dai ba na ɗan koyo ba. Baki .177 ya fi dacewa da mai harbin takarda. Gafiya dabba ce mai tauri, .22 da harsashi mai zagayayyen kai na giren 16 ko 18 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ya fi kashe ta nan take ba tare da azabtarwa ba. Kada ka je .25, tana shan iska sosai, harsashinta kuma wahalar samu gare shi.

A cikin sito ka tuna harsashi yana dawowa idan ya doki siminti ko ƙarfe. Jera buhunan yashi ko katako mai kauri a bayan inda kake sa abincin tarko, ka sa tabarau na kariya, ka tabbata ba lebura ko almajiri a bayan buhuna.

Tambaya: Malam, mai faci na unguwarmu yana da babban kwamfuresa. Ba zai iya cika min ba? Idan bai iya ba, akwai masu walda a Ƙofar Ruwa da ke da tukunyar iska mai ƙarfi. Daga wani matashi a Gwammaja.

Amsa: Na mai faci ba zai yi ba. Tayar mota bar 2 da ɗan ɗori take sha, injinsa kuma da ƙyar ya wuce bar 8 zuwa 10. Bindigarka tana son 200. Ko bawul ɗin cikawa ba zai motsa ba.

Na masu walda kuwa, don Allah ko da wasa kada ka kusance shi. Abin da ke cikin tukunyarsu oksijin ne, haka ma tukunyar asibiti. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da ɗigon mai ko giris da ke cikin bindiga, wuta yake kamawa da kansa ba tare da ashana ba, silinda ta tarwatse a hannun mai riƙe da ita. Abu biyu kaɗai ke shiga PCP: busasshiyar iskar da muke shaƙa, ko naitirojin ta hanyar regileta mai dacewa, wato na'urar da ke daidaita matsin iska. Duk wanda ya ce maka "iska ai iska ce", bar wurin.

Tambaya: To famfon hannu fa? Na ji ana cewa wahala ce, kuma yana lalata bindiga. Daga malamin makaranta a Hotoro.

Amsa: Malam, wahalar gaskiya ce, lalatawar kuma daga mai bugawa take. Wannan famfo kamarsa ɗaya da na keke, sai dai a ciki hawa uku ne ko huɗu, kowane hawa yana ƙara matse iskar da na baya ya miƙo masa. Hill na Sheffield a Ingila shi ne sananne, akwai kuma na China masu araha da ke aiki idan an kula da su. A Kano, inda ba masu nutso a teku balle shagon cika musu tanki, kuma wuta sai yadda KEDCO ta yi, famfon hannu shi ne abin da ba ya ba ka kunya. Ko ka sayi inji daga baya, ajiye famfo.

Abin da ya kamata ka gane shi ne ba daga sifili ake cikawa kullum ba. Kana harbi daga 200 har allurar geji, wato agogon da ke nuna matsin iska, ta sauko wajen 100 ko 110, sai ka mayar. Ga silinda ta cc 200, wannan bugu ɗari ne zuwa ɗari da hamsin. Na farkon suna tafiya salin-alin, daga 170 ne za ka ji famfo yana ture ka. Kada ka yi da damtse. Miƙe hannuwa, ka lanƙwasa gwiwa, nauyin jikinka ya sauka a kai. Ja har sama ka ɗan dakata silinda ta sha iska, danna har ƙasa ka ɗan dakata, domin a ƙarshen dannawar ne iskar ke shiga bindiga. Mai rabin bugu gumi kawai yake yi.

Zafi ne ke kashe famfo. Bugu hamsin, ka taɓa gindinsa. Idan ya yi zafi, saki iska ta sukurun da ke ƙasa ka bar shi minti goma sha biyar. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, yi bugunka bayan asuba ko da dare a inuwa. Wanda ya yi ta bugawa ba hutu, zoben robar da ke kan ƙaramin fistan na ciki zai ƙone, sai ka ji famfo yana tafiya fayau allura ba ta motsi, ko hannun ya riƙa tasowa da kansa.

Sai ruwa. Duk iskar da aka matse tana zubar da raɓa. Da hunturu iskar Kano a bushe take, ƙura ce abin tsoro, don haka rufe famfo da leda, ka toshe bakin tiyo. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa, idan ka buɗe sukurun sakin iska za ka ga farin feshi ya fito, wani lokaci har ɗigo a ƙasa. Wannan ruwan idan ya shiga silinda tsatsa yake yi a inda ido ba ya gani. Sa matacin ruwa a tiyo, ka riƙa canza audugar ciki, ka kuma buɗe sukurun da sauri gaba ɗaya domin iska ta watso ruwan waje. Buɗewa a hankali tana barin ruwan a ciki, tana kuma iya sa bawul ɗin bindiga ya ƙi rufewa iskarka ta dawo ta tsere.

Idan sabuwa ce fil ba iska ko kaɗan, ɗana ta tukuna, ba harsashi, ka sa makullin kariya. In ba haka ba guduma tana danne bawul, duk abin da ka buga ta baki zai fita.

Tambaya: Ina da hali daidai gwargwado, ba na son bugun famfo. Tanki zan saya ko inji? Daga ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Amsa: Alhaji, tanki ba ya haifar da iska, ajiya kawai yake yi, don haka tambaya ta farko ita ce wa zai cika maka shi. Masu cika irin wannan tanki su ne masu nutso da masu kayan numfashi na kashe gobara. Idan ba ka sami wanda ya yi maka alkawari ba, tanki shi kaɗai asarar kuɗi ce.

Ga lissafin. Tankin kabon na lita 6.8 a bar 300, bindiga cc 200 da kake mayarwa daga 100 zuwa 200: a takarda cikawa 34 ce, a zahiri ka sa ran 25 zuwa 30 saboda abin da ke tafiya a tiyo. Tankin ƙarfe na lita 12 a bar 232, duk girmansa, bai fi cikawa goma sha biyar zuwa sha tara ba, domin bar 32 kaɗai ya fi bindigar da shi. Idan kuwa bindigarka mai 250 ce, ba zai taɓa cika ta ba. Duba bakin tankin ma, irin mai zare da ake kira DIN: na 232 zare biyar ne, na 300 zare bakwai, kan 232 ba ya zama a tankin 300, da gangan aka yi haka. Tanki na hannu kuma a karanta kwanan watan da ke jikinsa. Ana gwada su da matsin ruwa duk shekara biyar, yawancin na kabon kuma shekara 15 ne wa'adinsu. Wanda aka kankare rubutunsa ko zarensa ya tashi, bar shi ko kyauta ne.

Wajen cikawa: rufe sukurun saki, haɗa tiyo, buɗe tanki kaɗan-kaɗan yadda cikawar za ta ɗauki kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Ka bi gejin da ke kan tiyo. Bindigogi da yawa gejinsu yana gaban silinda dab da baki, mai leƙa shi yana sa fuskarsa a gaban bututu ne. Rufe tanki, saki iskar tiyo, sannan ka cire.

Inji iri biyu ne. Ƙanana masu volt 12 irin na GX suna cika bindiga kai tsaye cikin 'yan mintuna, da batirin mota (a bar motar a kunne, suna jan wuta) ko da wutar gida ta akwatinsu. Ba a cika babban tanki da su, ƙonewa suke yi. Babba irin Yong Heng yana cin kusan wat 1,800, ƙaramin janareta ba zai tayar da shi ba, sai mai kVA 3 zuwa sama. Da bokitin ruwa yake sanyaya kansa: kunna famfon ruwan kafin injin, tayar da shi sukurun saki a buɗe, saki ruwa duk minti biyar, idan zafin kansa ya doshi digiri 60 a kashe ya huta. A bazara jefa ƙanƙara a bokitin. Shi wannan yana tura mai da ruwa tare da iska, dole a ƙara masa babban mataci. A ganinmu, mai bindiga ɗaya ƙaramin inji da famfon ko-ta-kwana sun ishe shi.

Tambaya: Na cika tawa ta wuce inda aka rubuta don ta ƙara ƙarfi, sai harsashi ya riƙa faɗuwa a gabana. Kuma kwana biyu allura na sauka da kanta. Daga mai karatu a Sharaɗa.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarin iska ba ya ƙara ƙarfi. Matsin da ya yi yawa yana danne bawul ta ciki, guduma ta kasa buɗe shi sosai. Yi ta harbi ba harsashi, baki na kallon wuri mai aminci, har allura ta dawo daidai. Bindigar da ba ta da regileta a cikinta tana da tsakiyar matsi da harbinta ya fi daidaito, sau da yawa daga wajen 190 zuwa 120. Harba biyar-biyar a takarda daga mita 25 kana rubuta abin da geji ya nuna, za ka gano taka. Ka kuma sani iskar da aka cika 200 da safe, idan ta wuni a motar da aka rufe a rana ta kai digiri 60, za ta haura 220 ba ka ƙara komai ba.

Saukar bar 5 zuwa 10 jim kaɗan bayan cikawa ba yoyo ba ne, iska ce ta huce. Idan ta ci gaba, kaɗa ruwan sabulu ka ɗiga a wurin cikawa da gindin geji da mahaɗar silinda, kumfa zai nuna maka. Ɗaura balan-balan a bakin bututu ka bar shi ya kwana, idan ya kumbura bawul ɗin harbi ne. Kada ka lalubi yoyo da yatsa, iska mai wannan matsi tana huda fata. Yawanci zoben roba ne ya bushe, ko ƙura ta hau kansa. Giris ɗin silikon zalla ake shafa masa, ɗan kaɗan yadda zai yi sheƙi. Baƙin mai, man keken ɗinki, basilin da WD-40 duk daga fetur suke, ba sa shiga inda iska mai matsi take. Kuma ba a kwance ko sukuru ɗaya a silinda sai an sauke iska geji ya koma sifili, an kuma harba sau biyu uku an ji shiru, domin geji ma yakan maƙale.