Amsa ga Yayana na Zariya, a kan numfashi

Yaya, ka ce ka ji Gwaggo a waya tana kukan "nafas" ɗinta, har kake tambaya ko mu na Sudan mun manta da kalmar numfashi. Ba mu manta ba. Sai dai ka tuna kakanninmu sun baro gida ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka yada zango a bakin Nilu kusa da Sinnar. Sama da shekara ɗari ana ciniki da Larabci, dole baki ya ɗauka.

A cikin gida kam Hausa ce ke aiki. Yaro ya faɗo da gudu, uwarsa za ta ce, "Wa ya koro ka kake haki?" Maigida in ya shigo yana huci, kowa sai ya shiga taitayinsa. Nishi na mai ɗauke da buhun dawa ne, ko majinyaci da tsakar dare. Minshari kuwa ban taɓa jin wanda ya nema masa Larabci ba. Dattijo in zai yanke magana a zaman sulhu sai ya numfasa tukuna, kuma yaron da ya tsoma baki a wannan ɗan shirun, a wurinmu ba shi da tarbiyya. Wasu tsofaffin ma lumfashi suke cewa.

Da an nufi asibiti sai harshe ya juya, don likita Larabci yake ji. Wanda ƙirjinsa ya toshe zai ce "diƙ nafas". Ciwon da kakata ke kira fuka, jikokinta "azma" suka sani, kalmar da ake faɗa in burodi ko fetur ya yi wuya a gari. Kada ka yi mana dariya. Ku ma in kun je asibitin Shika, mutum nawa ke cewa fuka? Asma kuke cewa.

Masu wannan ciwo ba hunturu suke tsoro ba kamar ku. Hazonku a hankali yake sauka, ya kwana ya wuni, leɓe ya tsage. Namu habub ne, gab da damina. Da la'asar za ka hango jan bango ya taso daga ƙasa har sama, kafin ka kwashe shanya gari ya yi duhu. Sai a rufe tagogi, a jiƙa mayafi a rufa wa yara hanci kada su shaƙi ƙura, a tura wani ya leƙa tsofaffi. A irin wannan daren ne za ka ji mace ta haɗa harsunan biyu a magana ɗaya: "Nafas ɗinsa na sama-sama, yana ta haki."

Akwai guda da nake so ka kiyaye. In ɗan'uwa ya bugo maka daga nan ya ce iyalinsa "nafasa" ce, kada ka hau yi masa jaje. Mai jego yake nufi. Ai kun karanta nifasi a littattafan fiƙihu a zaurukan cikin birni, tushensu ɗaya. Barka za ka yi masa, ka tambaye shi ranar suna, wadda a nan za ka ji ana ce wa simaya.