Madubin da ke gyara haske, me ya sa yake hana firikwensi zama wuri ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin mastas ne a fiziks, ina karatu kan madubin nan mai maida haske ta sawunsa, wanda ake yi da kiristal ɗin barium titanate. An ce yana gyara duk karkatar da haske ya yi a hanya, amma kuma ina ta karanta cewa in an sa shi a osileta, wato saitin da haske ke ta kai-komo a cikinsa, sai firikwensi, yawan kaɗawar hasken a daƙiƙa, ya dinga yawo. Ya mai gyara zai zama shi ke kawo rikici?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, tambayar nan ta min daɗi wallahi. Abin da yake gyarawa siffar hasken ce, wato in haske ya bi ta gilashi mara kyau ya lanƙwashe, madubin zai komar da shi ta inda ya fito, lanƙwasar ta warware. Wannan gaskiya ne tun 1972 da Zel'dovich da abokan aikinsa suka gani a cibiyar Lebedev ta Mosko. Amma ba wanda ya yi maka alkawarin firikwensi, shi maganarsa daban.

Ka fara cire wa ranka cewa madubi ne irin na gilashi da aka shafa wa azurfa. A cikin kiristal ɗin, hasken da kansa ne ke rubuta madubin: igiyoyin haske su haɗu su yi layi-layi na haske da duhu, cajin lantarki ya gudu daga wurin haske ya taru a duhu, wannan ya canza yadda kiristal ke karya haske, to waɗannan layukan su ne madubin, kuma kullum ana cikin gogewa da sake rubuta su. In layukan suka fara tafiya ko da a hankali ne, hasken da ya dawo sai ya ɗan sauya firikwensi, kamar yadda hon ɗin mota ke sauya amo in ta wuce ka, abin da ake kira tasirin Dofla kenan. Sauyin ƙarami ne sosai, 'yan Hz kawai (Hz ɗaya kaɗawa ɗaya ce a daƙiƙa), alhali hasken lezar agon mai nanomita 514.5 yana kaɗawa kusan tiriliyan 583 a daƙiƙa. Ƙanƙantarsa daga nawar kiristal ɗin take, ba ya iya rubuta layukan da ke gudu da sauri.

Inda abin ke ban sha'awa shi ne in ka maida hasken cikin leza. Lezar ta bi sabon firikwensin, ta rubuta sabbin layuka, su ma su yi tafiya, su sake turawa, haka dai yana taruwa har launin ya gusa a zahiri. Feinberg, wanda ya haɗa madubin mai ciyar da kansa (wanda ba ya buƙatar ƙarin haske daga waje) a 1982, shi da Bacher sun ga launin lezar rini (mai aiki da ruwan rini) yana gusawa da kansa a 1984, Whitten da Ramsey ma sun gani a shekarar. A 1987 kuma Gauthier, Narum da Boyd suka nuna cewa hargitsin da ke fitowa daga irin madubin nan ba hayaniyar waje ba ce, daga lissafin tsarin kansa yake.

Me ke sa layukan tafiya? A osileta mai zobe, dole zagaye ɗaya ya cika adadin igiya cif, in tsayin hanyar bai yi daidai ba sai tsarin ya cike giɓin da ɗan sauyin firikwensi, Ewbank da Yeh sun auna haka a 1985. Shi ya sa ɗan zafi ko girgizar tebur ke juya komai. Filin lantarkin cikin kiristal ma yana taimakawa.

Akwai kuma wani irin madubin da ake kira na Brillouin, shi nasa sauyin ba 'yan Hz ba ne, igiyar sauti ce madubin, kowace dawowa firikwensi na sauka da gigahaz (Hz biliyan ɗaya), a zaren gilashin silika kusan gigahaz 11 ne a nanomita 1550.

Shawarata in ka samu shiga lab: sa aisoleta, na'urar da ke hana haske komawa baya, tsakanin leza da kiristal in ba komawar hasken kake nazari ba, sa etalon, na'urar da ke tace firikwensi, a lezar, rufe saitin daga iska, ka riƙe zafin kiristal daram. Kar ka bari ya yi sanyi ƙasa da digiri 10, don a wajen nan barium titanate ke sauya tsari ya lalace, ga shi da tsada. Sannan ka haɗa hasken da ya dawo da na asali kan allo, in ka ga layukan na tafiya ka ƙirga nawa ke wucewa a daƙiƙa, sauyin kenan a Hz.