Shin ƙarfe mai shan haidirojin zai iya ba da lantarki?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne ana iya cusa haidirojin cikin ƙarfe a samu wutar lantarki ba tare da mai ba. Har yau babu wanda ya nuna hakan a gwajin da wasu suka maimaita suka samu sakamako ɗaya.

Maganar ta taso ne ranar 23 ga Maris 1989, lokacin da Martin Fleischmann da Stanley Pons suka kira taron manema labarai a Jami'ar Utah ta Amurka. Sun tsoma sandar wani ƙarfe mai suna faladiyom cikin ruwa mai nauyi, wato ruwan da ke ɗauke da nau'in haidirojin mai nauyi, suka sakar mata lantarki, suka ce zafin da ya fito ya zarce wutar da suka zuba, wai ƙwayoyin zarra ne ke haɗewa a cikin kwalba.

Shan haidirojin kam gaskiya ne, faladiyom na zuƙe wajen ninki 900 na girmansa. Inda gizo ke saƙar shi ne, haɗewar da za ta ba da wannan zafi dole ta watso niyutiron, wato wasu ƙananan ƙwayoyi daga cikin zarra, masu yawan da za su hallaka duk wanda ke ɗakin, ga shi mutanen nan sun fito garau. Jami'o'in Caltech da MIT na Amurka sun gwada, shiru. Ma'aikatar makamashin Amurka ta duba batun a 1989 da 2004, ba ta gamsu ba. Google ma ya zuba kuɗi, rahotonsa na 2019 bai ga komai ba.

Ko da zafin ya tabbata, sai an sake juya shi zuwa lantarki. Wanda ya tallata maka irin wannan janareta, riƙe kuɗinka.