Amsa ga mai tambaya kan rijiyar da ke ƙafewa a Rigasa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce a da rijiyar gidanku ba ta ƙafewa, yanzu kuwa da an shiga Maris sai guga ya fito da laka, kina tambaya ko a ƙara mata zurfi ko a haƙa bohol. Na daɗe ina sana'ar haƙa rijiya da bohol a garin nan, kuma maganar tana damuna ƙwarai.

Ƙarƙashin Kaduna dutse ne. Ruwan da muke ja yana maƙale ne cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, kuma asalinsa ruwan saman da ƙasa ta sha ne tsakanin Mayu da Oktoba. To dubi unguwanninmu yau. Filayen da ruwa ke kwanciya ya nutse duk an yanka filotai, an sare mangwarori, an malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa. Ruwa ya sauka bai sami mashiga ba, sai ya bi kwata a guje ya faɗa Kogin Kaduna, mutanen Kigo Road su kwana cikin ambaliya. Da rani kuma kowane gida sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga bohol, na zuƙa. Bohol ɗin maƙwabta ya fi rijiyarku zurfi, dole ita za ta fara jin jiki.

Ni dai shawarata, kada ku yi gaggawar kashe kuɗi. A fara yashe rijiyar. Sannan ku dubi kwanon gidanku: Kaduna na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, wato rufi mai mita 10 sau 10 yana zubar da fiye da lita 100,000, jarka 4,000 ke nan irin ta 'yan garuwa. A sa indararo zuwa tanki, amma a bar ruwan farko ya wanke ƙura tukuna. Rarar kuma a haƙa rami a cika shi da tsakuwa ta riƙa nutsewa a ciki, nesa da masai, wannan kam kada a yi sakaci da shi. Na ga gidajen da rijiyarsu ta ƙara jimiri bayan an fasa simintin gefe guda na tsakar gida.

In bohol ɗin ya zama dole, a kawo masu auna ƙasa kafin a haƙa, kuma a sa wa tanki na'urar da ke kashe sumo idan ya cika. Ruwan da ke kwarara daga tankunan mutane da asuba ba kaɗan ba ne.