Rubutun da ke gargada idan ya shigo Premiere

Yarona, na ga saƙonka, na kuma kalli guntun bidiyon da ka turo. Ka ce ka haɗa rubutun buɗe fim a After Effects, manhajar haɗa rubutu da zane masu motsi, sunayen 'yan wasa suna shigowa daga gefe sumul, amma da ka fitar ka ɗora a Premiere, manhajar yanka fim, sai tafiyar ta koma gargada, ga kuma baƙin bango ya rufe hoton da ke ƙasa. Kana tambaya ko kwamfutar ce ta gaza, ko akwai wani saiti a wurin fitarwa da zai gyara abin. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Matsala biyu ce ta haɗe maka, kuma babbar cikinsu tun kafin ka isa wurin fitarwa ta samo asali.

Buɗe aikin a After Effects, ka danna Ctrl da K, ka duba firam nawa, wato hoto nawa, aka sa a daƙiƙa. Na tabbata 30 za ka gani ko 29.97, musamman in tsarin rubutun daga intanet ka sauke, domin yawancinsu a haka suke zuwa. Fim ɗin da kake yankawa kuwa a kan 25 yake. Wato kana miƙa wa Premiere hoto 30 a kowace daƙiƙa, ita kuma gurbi 25 gare ta. Ba za ta tambaye ka ba, jefar da biyar za ta yi, ɗaya a cikin kowane shida.

Lissafa da kanka ka gani. A ce sunan zai yi tafiyar fiksel 1200 cikin daƙiƙa biyu. A kan 30, kowane firam yana matsawa 20. Da an cire ɗaya sai ya zama 20, 20, 20, 20, sannan tsalle na 40, haka sau biyar a kowace daƙiƙa. Wannan tsallen ne idonka ke kamawa. Da a kan 25 ka yi shi tun farko, 24 zai riƙa matsawa a kowane firam ba ragi ba ƙari. A hoton mutane suna hira a zaune ba kowa zai lura ba, amma rubutu mai kaifin gefe da ke tafiya a miƙe ba ya rufa asiri.

Gyaran mai sauƙi ne. Mayar da aikin 25 a can After Effects ɗin, ka leƙa ƙananan ayyukan da aka cusa a cikinsa su ma ka mayar, sannan ka bi maƙallan motsi, wato keyframes, alamomin inda motsi ke farawa da tsayawa, ɗaya bayan ɗaya, don wasu za su faɗa tsakanin firam biyu, sai ka ja su su zauna daidai. Ka sake renda, wato ka sake fitar da fayil ɗin. Akwai gajeriyar hanya idan fayil kawai aka ba ka babu aikin asali: a Premiere ka shiga Interpret Footage ka ce ta ɗauki fayil ɗin a matsayin 25. Ba za a jefar da komai ba, tafiyar za ta yi santsi, sai dai abin daƙiƙa 10 zai koma 12. In rubutun ba ya bin kiɗa, ba laifi. In yana faɗowa a kan bugun ganga, ka lalata shi ke nan.

Kada ka ce to bari na mayar da fim ɗin gaba ɗaya 30 don ya dace da rubutu. Ba a rushe ɗaki saboda tabarma ta yi tsawo. Abin da kyamara ta ɗauka da inda za a nuna aikin su ne ke yanke hukunci, sauran duk biyayya suke yi.

Mu nan 25 ce gidanmu, kuma da dalili. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu a kan tsarin PAL aka gina shi, irin na Ingila. Amurka wutarsu 60 ce, shi ya sa suka tafi 30, da talabijin mai kala ya zo musu a 1953 kuma suka ɗan rage ta koma 29.97. Kyamarori da yawa da ake shigo mana da su a kan tsarin can suke zuwa, mai ɗauka bai duba ba ya shiga ɗakin biki da ita. Shi ne za ka ga layuka masu duhu suna yawo a hoto ƙarƙashin wasu fitilun. Kafin a fita aiki ka tuna wa mai kyamara ya juya ta zuwa PAL, firam 25, shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, 1/50 na daƙiƙa. In janareta ne ke ba da wuta ma ya yi gwaji tukuna, don ba kowane janareta ke tsayawa a kan 50 cif ba.

Wanda ya fi yaudarar yara shi ne 24 da 23.976. Kyamara za ta rubuta maka 24p, alhali sau da yawa 23.976 take ɗauka. Kai kuma ka je After Effects ka rubuta 24 da hannunka. Bambancin ɗaya ne cikin dubu, a gajeren rubutu ba za ka gani ba, amma kusan kowace daƙiƙa 42 firam ɗaya zai ɓace, a awa guda kuma tazarar ta kai daƙiƙa 3.6. Don haka kada ka yarda da abin da aka faɗa maka da baki. Danna fayil ɗin a Premiere ka karanta lambar da idonka, ita za ka kwafa har da abin da ke bayan ɗigo.

Yanzu baƙin bangon. Ka fitar da MP4 ne, wato H.264, shi kuwa ba ya ɗaukar alfa, sashen da ke gaya wa manhaja ina ne hoto ina ne fili. Duk inda ka bari wayam, baƙi zai cike. Zaɓi QuickTime, kodek, wato tsarin adana hoton, ProRes 4444, a wurin tashoshi ka sa RGB + Alpha. Ko a Windows yana fita, tun ƙarshen 2018 Adobe ta buɗe wannan. Fayil ɗin zai yi nauyi, cikakken hoto na 1080 yakan kai wajen 2GB a minti, amma rubutun daƙiƙa goma me zai ci maka? Ko da babu maganar alfa, ba na son ganin MP4 a tsakanin manhaja da manhaja. Matsattsen abu ne, don kai wa mai kallo aka yi shi. Ka matse a After Effects, ka sake matsewa a Premiere, YouTube ya matse, WhatsApp ya ƙarasa, ka ga gefen haruffa ya zama dusa-dusa. In ka hangi siririn baƙin zare a gefen rubutu bayan ka shigo da shi, fassarar alfar ce ta saɓa, ka canja ta tsakanin Straight da Premultiplied har ya ɓace.

Wasu sun fi son jerin hotunan PNG, kuma ga mai fama da ɗaukewar wuta yana da amfani, tunda inda renda ta tsaya nan za ka ci gaba. Ka dai sani hotunan ba su ɗauke da lissafin firam a jikinsu, After Effects kuma 30 take ɗora musu in ba ka canja ba.

Na san za ka ce ai akwai Dynamic Link, hanyar da ke haɗa manhajojin biyu kai tsaye ba sai an fitar da fayil ba. Akwai, kuma alherinsa shi ne idan daga cikin Premiere ka tura, aikin yakan buɗe da girma da firam ɗin da kake yanka a kai, ba sai ka rubuta komai ba. Ina amfani da shi lokacin da darakta ke zaune a bayana yana canja suna. Amma a irin kwamfutarka zai riƙa jan ƙafa, kuma sai manhajojin biyu sun zama na shekara ɗaya. Da an amince da rubutu, yi renda ka ajiye fayil.

Hoton waya kuma, wanda yanzu ba aikin biki da ba ya shigowa, firam ɗinsa ba a tsaye yake ba, yana hawa yana sauka gwargwadon haske. Shi ke sa baki da murya su rabu a tsakiyar dogon bidiyo. Wuce da shi ta manhajar HandBrake, kyauta ce, ka tsayar da firam ɗin kafin ya shiga aikin.

Fitarwar ƙarshe ba ta da wani sirri. Firam ya zama daidai da na taimlayin, wato layin da ka jera fim ɗin a kai, kada ka taɓa shi a nan. H.264, sauti 48 kHz. YouTube na ba da shawarar 8 Mbps ga 1080 a irin wannan firam, ni nakan ba shi 12 zuwa 16 saboda kayan amare masu ƙyalli suna cin bit, wato suna buƙatar ƙarin data. In gidan talabijin za a kai, ka nemi takardar ƙa'idarsu kafin ka fara yanka. Ka kuma ajiye kwafi ɗaya na ProRes 422 a hard disk. Gyara rubutun yau, ka turo min daƙiƙa goman farko na gani kafin ka saki renda ta fim ɗin duka.