Yaro Mai Otizim da Koyon Magana: Amsoshin Likita

Wata uwa daga Bukoki, Yamai: Likita, ɗana shekararsa 2 da rabi, an ce yana da otizim, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane. Ba ya magana, sai dai ya ja hannuna zuwa randa. Me zan yi masa a gida?

'Yar'uwa, jan hannun nan ma magana ce, a kanta za ki ɗora. In ya kai ki bakin randa, kada ki yi saurin ɗebo masa. Durƙusa daidai fuskarsa, ki ɗaga moɗa, ki ce "ruwa", sai ki yi shiru na daƙiƙa 5 zuwa 10. Ko kallon moɗar ya yi, ko ya miƙa yatsa, ko "wa" kawai ya ce, ba shi nan take, ki sake cewa "ruwa". Shirun nan ne ya fi ba iyaye mata wuya, don tausayi ba ya barin su jira, amma a cikinsa yaro ke gane cewa neman da ya yi ne ya kawo ruwan. Zuba kaɗan-kaɗan don ya sake nema. In marfin kwano yake juyawa, zauna ki juya naki kusa da shi. Kada ki tilasta masa kallon idonki. A kuma auna jinsa a asibiti, sannan ki nemi ortofonis, masanin koyar da magana, tun yanzu.

Wani mahaifi daga Yantala: Ni Hausa nake yi wa 'yata, uwarta Zabarmanci. Mu bar ɗaya?

A'a Malam. Harshe biyu ba ya jawo otizim, ba ya kuma hana magana. Kowa ya yi mata harshen da ya fi zama a bakinsa, da gajerun kalmomi.

Wata kaka daga Tahoua: Jikana maimaita tallan talabijin yake yi, maƙwabta na cewa iska ce.

Inna, ba iska ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim. Da yawansu ta maimaitawa suke shiga magana. Ki lura da lokacin da yake faɗin tallan. In na madara ne kuma yunwa yake ji, ki ce "madara", ki ba shi. Hukumar ta ce kallon allo ga ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana. Sauran lokacin ki zauna da shi a tabarma, ki yi masa waƙa, ki tsaya a tsakiya ki ga ko zai ƙarasa.