Tambaya da Amsa: "Bakina Yana Godiya, Zuciyata Tana Kuka"

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mace ce mai shekara 54, muna zaune a Kafanchan, kuma shekararmu 31 da aure ni da maigidana. A daminar bara hawan jini ya buge shi yana shirin tafiya gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta ɗauke, sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Tun da aka sallame mu daga asibiti, ni ce wanka, ni ce ciyarwa, ni ce juya shi cikin dare, domin yaranmu duk suna nesa, in ban da autarmu da take makaranta. Duk wanda ya ce mini "yaya mai jiki?" sai in ce "da sauƙi, mun gode Allah." Amma kwanakin baya da ya ture kwanon kunu ya zube mini a zani, sai na daka masa tsawa, na shige kicin na yi ta kuka. A Lahadin da ta biyo baya aka yi wa'azi a kan 1 Tasalonikawa sura 5, cewa mu riƙa murna kullum, mu yi godiya a kowane hali, sai na ji kamar da ni ake. Wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ma ta ce mini kuka alamar raunin bangaskiya ne. Baba, godiyar da nake yi da baki munafunci ce? Ina zan samo murnar nan da ake faɗa?

Daga wata mai karatu, Kafanchan.

AMSA

'Yata, sannu da jinya, Ubangiji ya ba maigida lafiya. Godiyarki ba munafunci ba ce, domin munafuki yabon mutane yake nema, ke kuwa gaisuwa kike amsawa yadda iyayenmu suka koya mana, kuma babu wanda yake sa ran a tsaya a bakin ƙofar majami'a a zayyana masa dukan abin da ya faru cikin dare. Abin da ya dame ni shi ne, daga wasiƙarki na fahimci "da sauƙi" ta zama ita kaɗai ce amsar da kike da ita, ga maƙwabta, ga 'ya'yanki, wataƙila har a gaban Allah.

Ki sake buɗe wurin da aka yi wa'azin, daga aya 16 zuwa 18, za ki ga an ce a yi godiya a cikin kowane hali, kuma mutanen da aka rubuta wa ba masu zaman daɗi ba ne. Ikilisiyar Tasalonika tana shan tsanani, ta kuma binne waɗansu 'ya'yanta, shi ya sa a sura 4 Manzo Bulus bai hana su baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, wadda aka fi saninta da zancen farin ciki, yana ɗaure ya rubuta ta, kuma a sura 2 aya 27 ya ba da labarin abokin aikinsa Abafaroditas, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa. Bulus ya ce Allah ya ji tausayin majinyacin, ya kuma ji tausayinsa shi kansa, don kada baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki. Ashe mutumin da ya ce a yi murna kullum ya san fargabar da mai jinya yake kwana da ita, bai kuma ji kunyar rubuta ta ba. A 2 Korantiyawa 6:10 ma ya haɗa biyun a numfashi ɗaya, ya kwatanta kansu da masu baƙin ciki waɗanda kullum suke farin ciki.

Ita kuma 'yar'uwar da ta ce kuka raunin bangaskiya ne, na tabbata da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta yi kuskure. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Zabura 88 addu'a ce da ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko ayar ta'aziyya ɗaya a ƙarshenta, duk da haka tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman dalili. Dole in yarda cewa mu masu wa'azi muna da laifi a nan, domin mukan ɗauki waɗannan ayoyi mu yi ta jaddada su daga bagade ba tare da mun tuna cewa a benci na baya akwai wadda rabonta da barcin kirki tun bara.

Zancen kunun nan kuwa, bari in ɗan tsaya a kansa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ne yake sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan ne cibiyar magana take, shi ya sa shanyewar dama takan zo da ɗaukewar harshe. Sau da yawa irin wannan majinyaci yana fahimtar abin da ya fi ƙarfin abin da yake iya furtawa. Ki duba mutumin da ya yi shekaru yana noma yana ciyar da gida, yau yana so ya ce kunun ya yi zafi, ko yana ƙware shi, kalmar ta ƙi fitowa, abin da ya rage masa kawai shi ne hannun hagu. Wahalar haɗiya takan biyo bayan wannan ciwo, saboda haka ki zaunar da shi a miƙe kafin ya ci, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in kuwa yana tari lokacin ci ko sha, ki gaya wa likita. Ki kuma sani kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi wannan ciwo sukan faɗa cikin ciwon damuwa, wanda yake da magani. Ki je ki zauna a gefen gadon ki ce masa, "Baban yara, ka yafe mini tsawar ranar nan," zai gane. Kada kuma wani ya sa ku ajiye maganin hawan jini ko zuwa wurin masu gashin ƙashi da sunan nuna bangaskiya, domin hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne babban abin da yake jawo bugu na biyu.

Tsawar da kika yi, a ganina, gajiya ce ta yi magana. Wanda ba ya iya motsawa da kansa ana juya shi kusan bayan kowace awa biyu don kada kwanciya ta ci masa ƙugu da diddige, ke nan kin yi watanni ba ki haɗa barcin dare guda ba. Lokacin da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a jeji, a 1 Sarakuna sura 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya sake kwanciya, sa'an nan ya tashe shi ya ƙara ci. Shanyayyen Kafarnahum da aka zura ta rufin ɗaki a Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shi, kuma an rubuta cewa Yesu ya ga bangaskiyarsu. Ke kin riƙe kusurwa huɗu na shimfiɗar ke kaɗai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanenmu suna da kirki, amma in an ce musu "da sauƙi" sai su yi addu'a su tafi. Ki je wurin shugabar Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya ki faɗi abin da kike bukata da sunansa: mace ɗaya da za ta zauna da shi ranar kasuwa, maza biyu da za su riƙa zuwa ranar Asabar su yi masa wanka da aski. 'Ya'yanki ma ki daina ɓoye musu, su tsara kwana a tsakaninsu, wanda ba zai iya zuwa ba ya aiko da kuɗin magani. Ke ma a auna jininki.

Murnar da kike tambaya, ban san wanda ya same ta ta wurin matsa wa kansa ba. Na taɓa kai Jibin Ubangiji gidan wani dattijo mai irin ciwon maigidanki, wanda ya yi watanni bai iya kiran sunan matarsa ba. Da muka ta da wata tsohuwar waƙa daga littafin waƙoƙi, sai muka ji murya ta uku, a shaƙe, tana bin mu kalma bayan kalma har ƙarshen baiti. Matar tana riƙe da tawul, ta zauna a ƙasa tana dariya hawaye na zuba, ta ce a sake. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda magana ta ɗauke masa yakan iya rera waƙar da ya haddace tun da, domin waƙa tana bin waɗansu hanyoyi dabam a ƙwaƙwalwa. Ba kowa yake samun haka ba, amma ki gwada da waƙar da ya fi so, da yamma bayan ya huta.

A addu'arki ta dare kuma, ki fara da gaskiyar ranar, ko da gaskiyar ita ce "Ubangiji, na gaji, yau na ji haushinsa." Bayan haka ki nemi abu ɗaya da ya faru a wannan rana ki ambace shi da sunansa, ko ya haɗiye cokali goma bai ƙware ba, ko maƙwabciya ta ɗebo miki ruwa. Ranar da kika duba ba ki samu ba, ki karanta Zabura 13 ki kwanta. Ki sake rubuto mini bayan kin yi magana da dattawan, ina so in ji wa ya karɓi ranar Asabar.